Mutumin Da Aka Hana Hawa Soron Gidansa

Ranar Laraba, sha takwas ga watan Shawwal 1446, wadda ta yi daidai da sha shida ga Afrilu 2025, ina zaune a rumfata ina fama da wani mai taya rediyo kamar batirinta kaɗai yake son saye, sai ga wayar Sa'adiyya, 'yar abokina. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Baffa, Baba ya cika." Na ce daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Na faɗa da Larabci, na sake faɗa da Hausa, don kunnena ya ji abin da zuciyata ta ƙi karɓa. Malam Maharazu na unguwar Koki, tsohon ma'aikacin safiyo, ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya, a tsakiyar zafin bazara. Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa.

Ni ba marubuci ba ne. Sunana Babagana, dillalin tsofaffin kayan lantarki ne ni, kuma na san yadda ake kallon yabon dillali. Mutumin da ya tsufa yana cewa tsohuwar fanka sabuwa ce, in ya ce wane mutumin kirki ne, sai a rage rabin maganar a ajiye masa. To, a rage. Abin da ya saura ma ya isa. Na ɗauki alƙalami ne saboda Malam ya bar duniya da wani suna da ba nasa ba. A bayan idonsa, a unguwar da aka haife shi, Mai-Leƙe ake ce masa. Wato mutumin da ke hawa saman soro yana leƙen matan mutane. Da wannan sunan muka binne shi, kuma da shi iyalinsa za su ci gaba da fita ƙofar gida. Ina so in faɗi yadda abin ya faru, ko da ba wanda zai sauya ra'ayi.

Malam, kafin bututun nan na hangen taurari ya shigo rayuwarka, babu wanda ya taɓa jin kanka da kowa. Ka yi aikin gwamnati kana auna filaye har ka yi ritaya, ka fito ba ka da ko fegi ɗaya a sabuwar unguwa. Mu 'yan kasuwa mun daɗe muna mamakin wannan, wasu ma wauta suka kira shi. Na tuna lokacin da maƙwabcin Tani mai ƙosai ya ja katangarsa ya cinye mata wurin da take kafa kaskonta. Tsohuwa ce, ba miji, ba ɗa namiji a kusa. Ka zo da igiyar awonka da hantsi, ka durƙusa cikin kwata da fararen kayanka, ka nuna wa kowa inda tsohon tushen gini ya tsaya. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce wa mutumin, "Alhaji, ba laifinka ba ne, bulon ne ya yi tafiya." Aka yi dariya, shi ma ya yi, aka rushe. Har Tani ta daina suya ba ta yarda ta karɓi komai a hannunka ba, kai kuma sai ka daina saye a wurinta don kada ka cuce ta, ita kuma ta koma aiko maka har gida. Haka kuka yi ta wannan rigima ta alheri har Allah ya karɓi abarsa.

Kai ka daidaita alƙiblar masallacin lungunku da aka sake ginawa. Kai ake kira in gado ya haɗa da gida, don ka raba ɗakuna ba tare da an raba zumunci ba. Duk wanda yau yake kiran ka da wancan suna, in ya duba katangar gidansa da kyau, zai ga inda hannunka ya taɓa.

Ni da kai kuwa wasa ne ya haɗa mu. Kai jinin Fulani, ni Babarbare, ko da yake kakannina sun daɗe a birnin nan har mun manta hanyar Kukawa. Ranar da ka fara zuwa rumfata neman wata tsohuwar kyamara, ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Yau na shigo hannun bawana." Na ce maka ai bawan ya fi ubangidansa cin nama, ka zauna tukuna a kawo maka nono kada ka suma. Daga ranar ba ka ƙara kiran sunana ba, sai Babarbare.

Bayan ka yi ritaya ne ka zo mini da hoto a waya. Wani farin bututu ne mai kaurin turmi, a kan ƙafafu uku. Ka ce madubin hangen taurari ne, in nemo maka ko tsoho ne. Na ce, "Malam, mutane in sun yi ritaya kiwon kaji suke yi." Ka ce ai su ma taurarin akwai kaza da 'ya'yanta a cikinsu, kuma ba sa cin dusa. Na bi ta hannun wani yaron gidanmu da ke kawo kaya daga Legas, aka samo shi guntu-guntu. Bututun daban, injin da ke juya shi yana bin tafiyar sama daban, kyamarar da ake ɗaurawa a gindinsa daban. Ka haɗa abinka da kanka a saman soron gidanka, ka ja waya zuwa batirin sola. A duk Koki kai kaɗai ne mutumin da ke murna in an ɗauke wuta, saboda in gari ya yi duhu sama takan buɗe.

Da farko na zaci wata za ka riƙa kallo, ko ka taimaka wa masu duban jinjirin azumi. Ashe hankalinka ya wuce nan. Akwai wani taron taurari can nesa ta arewa, masana suna kiran sa da lamba, M106, kai kuma Faifai kake ce masa, don ka ce haka yake a naɗe, daga tsakiya saƙar ta fara tana zagayawa tana faɗi. Ka ce taurarin da ke cikinsa sun fi ƙarfin lissafi, kuma hasken da ke faɗowa cikin bututunka ya baro can tun shekaru miliyoyi. Abin da ya fi ɗauke maka hankali shi ne cibiyarsa. Ka ce a can tsakiya akwai wani baƙin rami mai haɗiye duk abin da ya kusance shi, kuma abin da ake haɗiyewar, kafin ya faɗa, yakan yi zafi ya yi haske har ya fi na kewayensa. Na ce to ai wannan kasuwar Kwari ce. Ka yi dariya har da tari, ka ce Babarbare ba ya ganin komai sai ya ga ciniki a ciki.

Yadda ake ɗaukar hoton ne ya ba ni tausayi tun ban san ƙarshen labarin ba. Ba ƙyas ɗaya ba ne irin na mai hoton fasfo. Hasken ya yi rauni ƙwarai, sai an buɗe idon kyamara na 'yan mintuna, a rufe, a sake buɗewa, a yi ta yi. Kowane hoto in ka dube shi baƙi ne, sai 'yan ɗige-ɗige. Sai an tara masu yawan gaske, na dare da dama, kwamfuta ta ɗora wannan kan wancan, sannan siffar ta fara fitowa. Gajimare ya ɓata wasu, farin wata ya ɓata wasu, fitilar babur ma in ta haska sama ta ɓata. Ka ce mini aikin kamar tara raɓa ne a cokali. Ka ce in Allah ya ba ka bazara biyu ko uku masu kyau, za ka ga Faifai da hannuwansa a miƙe, ka wanke hoton ka rataye a zaure.

Kalmar bazara ɗin nan ita ce ta kashe mu.

Wanda bai zauna cikin birni ba sai an yi masa bayani. Gidajenmu a manne suke, katangarka ita ce katangar maƙwabcinka, kuma tsakar gida ta mata ce. Shi ya sa namiji ba ya hawa saman soro haka kawai. Ko magini zai yi yaɓe kafin damina, sai an aika gida-gida an ce za a hau, mata su kimtsa, a sauke shanyar da ba a son a gani. Yana gamawa ya sauko, a ce an sauka. Wannan tsari ne mai kyau, ni ma a cikinsa na girma, ba zan zage shi don abokina ya mutu ba. Kai ma ba ka raina shi ba. Duk ranar da za ka hau, da magariba sai Hajiya Nana Hauwa, maiɗakinka, ta leƙa maƙwabta ta faɗa. A watannin sanyi babu wanda ya damu, kowa yana ɗaki ya ja ƙofa.

Amma Faifai ba ya tsayawa sosai a samanka sai zafi ya shigo. Da sanyi, benen da ke gabas da gidanka ne ke tare shi, kafin ya ɓullo daga bayansa an kusa kiran assalatu. Sai wajen watan Maris zuwa Mayu yake samuwa tun bayan isha'i. Wannan kuwa shi ne lokacin da ɗaki ba ya kwantuwa a Kano. Kowane gida an fito da tabarmi da katifu tsakar gida, uwa da 'yan mata da surukai, kowa da ɗan zanen da zafi ya bar masa. A daidai wannan lokaci ne kai kuma kake zaune a sama, da bututu, da kyamara.

Alhaji Mustafa, wanda gidansa ke jingine da naka ta yamma, shi ya fara magana. Ina so a ji ni da kyau, ba mugun mutum ba ne. Yana da 'ya'ya mata manya, ga matar ƙanensa a gidan. Ya ce magini rana ɗaya yake hawa ya sauka, amma wannan hawa na kullum ya mayar da iyalinsa fursunoni a ɗaki cikin zafin da ke sa yara ƙuraje. Da ni ne a gidan nan, Allah ya sani, da irin maganar da zan yi ke nan, wataƙila ma da ashar a ciki.

Kai kuma sai ka yi abin da mai gaskiya yake yi, wanda ɗan kasuwa ba zai taɓa yi ba. Ka ce bari ka nuna musu kayan. Da ka shawarce ni, da na ce kada ka kuskura, domin ba a buɗe wa mai zargi cikin inji. Wata Juma'a bayan la'asar ka sauko da bututun, aka kai shi filin bayan masallaci inda ake hango Dala. Dattawan lungu suka taru. Da yake rana ce babu tauraro, sai ka saita shi kan dutsen don su ga yadda yake aiki. Liman ya fara sa ido. Ya ɗago ya ce ga wani mutum can a saman Dala yana shan rake, a kife, ƙafafu sama. Kowa ya zo ya gani. Wani ya ce har ɓawon da yake tofarwa yana gani. Aka yi ta dariya, kai ma kana ta murna kamar yaron da ya ci jarrabawa. Ni ina gefe ina kallon fuskar Alhaji Mustafa. Da ya sa idonsa ya ɗago, bai yi dariya ba. A hankali ya ce, "Daga nan har Dala ke nan. To ina ga nan da gidana?"

Ka yi bayani. Ka ce abin ba ya iya ganin na kusa, in ka juya shi kan gidan maƙwabci ba abin da zai nuna sai hazo-hazo, don an yi shi ne domin nesa. Gaskiya ka faɗa, ni na san kayan gilashi. Amma mutum ya riga ya ga ɓawon rake da idonsa, wane bayani kuma zai shiga kunnensa? Ka roƙe su su dawo bayan isha'i su ga abin da kake nema. 'Yan kaɗan suka dawo. Ka saita, suka duba, suka ga wani ɗan fari-fari kamar inda yatsa mai maiƙo ya taɓa gilashi. Wani dattijo ya ce, "Malam Maharazu, wannan ne ke hana ka barci?" Ka ce shi ne. Suka yi maka sai da safe cikin ladabi. Washegari magana ta gama unguwa, cewa babu mai hankalin da zai kwana a sama saboda wannan tabon, lallai akwai abin da ake kallo.

Aka je gaban mai unguwa. Ya saurari kowa, ya yi hukuncin da yake ganin adalci ne, ya raba shekara biyu. Ka hau da sanyi yadda kake so, amma daga ranar da mutane suka fara kwana a waje har ruwan farko ya sauka, kada ka hau. Kowa ya ce an kyauta maka. Ba wanda ya lura cewa an ba ka watannin da abin ba ya nan, an karɓe waɗanda yake nan, kuma in ruwa ya sauka gajimare ya rufe sama sai kaka. Ka dubi dattawan da suka goya ka. Ka ce ka ji, ka yi alkawari.

Na so ka karya alkawarin nan, ban ɓoye maka ba. Na ce wa zai sani in ka lallaɓa? Ka ce kai za ka sani. Na ce to ka bar bututun a sama, ka ja waya ƙasa, ka sarrafa shi daga ɗaki. Ka ce in mutum a sama ya dame su, kyamara a sama ba mutum ai ta fi muni. Abin da ka yi shi ne ka kira magina, aka aika gida-gida aka ce za a hau, suka ɗaga katangar soron ta kowane gefe har ta wuce tsayinka. Ka je ka gaya wa mai unguwa, da fatan zai sassauta. Ya ce za a duba. Ba a duba ba. A majalisa kuma aka ce yanzu ya gina maɓoya.

Sau ɗaya na ɗauke ka a motar wani abokina muka fita ta Kabuga, muka nufi gonar wani a hanyar Gwarzo, inda ba gida ba mata. Ko gama kafa ƙafafun ba mu yi ba 'yan sintiri suka zagaye mu da fitilu da sanduna, sun zaci makami ne muke haɗawa. Sai da na yi amfani da duk bakin da kasuwa ta koya mini kafin suka bar mu muka tattara. Muka kamo hanyar dawowa har muka shigo gari. Ka ce, "Babarbare, a birni ni ɗan iska ne, a daji ɗan ta'adda. Mu koma gida." Ba mu sake fita ba.

Daga nan sai ka koma tsintar 'yan kwanakin ƙarshen sanyi, waɗanda Faifai ke leƙowa daga bayan benen kafin asuba. Wata shekarar ka samu kaɗan, wata shekarar azumi ko ciwon ƙafa ko farin wata su cinye. Ranar da ka ji maƙwabta sun fara jan tabarma waje, da kanka kake lulluɓe bututun da tsohon bargo, ka sauko, ka sa kwaɗo a ƙofar matakala. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ga kwaɗon nan. Ba wanda ya taɓa cewa, af, ashe mutumin nan yana cika alkawari.

Sunan kuma bai sauka tare da kai ba. Yara suka ɗauka. Matan da ke shigowa wurin Hajiya Nana Hauwa kitso da hira suka ja ƙafa, ita ma ta daina zuwa biki a lungun, don ta gaji da yadda ake gyara mayafi in ta shigo, kamar ta zo da idonka a jakarta. Wata rana 'yar Sa'adiyya ta dawo daga Islamiyya tana tambayar uwarta me ake nufi da jikar Mai-Leƙe. Kai da aka saba kira rabon gida, sai aka koma kiran wani. Ba wanda ya zage ka a fuska. Ana gaishe ka, ana ba ka sahun gaba, ana matsawa kaɗan. Na sha ganin ana kashe kaya a kasuwa da irin wannan, ba a ce jabu ne ba, kawai a ɗaga a juya a ajiye a yi shiru.

Ganina da kai na ƙarshe, sati guda kafin rasuwarka, na same ka bayan magariba a kwance a kan tabarma a zaure, jiki ya yi sanyi, ana yi maka fifita. Ka sa Sa'adiyya ta kawo kwamfuta ta buɗe mini abin da ka tara duk shekarun nan. Cibiyar ta fito, fara tas, kamar ƙwayar shinkafa a baƙin tire. Kewayenta kuwa dishi-dishi ne kawai, in ka ƙura ido sai ka ga kamar wani abu yana son ya naɗe, in ka ƙifta ya ɓace. Ka ce cibiya ba ta da wuya, ita ke ihu, hannuwan ne ke son haƙuri. Na ce bana in ka warke za mu san dabara. Ka ɗaga yatsa ka nuna rufin zauren, wajen arewa, ka ce, "Yanzu haka yana nan, daidai nan. Sama kuma yau tas take, na gani da na fita alwala." Na ce to mu hau mana, ni zan riƙe ka. Ka ce ruwa bai sauka ba.

An yi maka jana'iza mai jama'a, ba zan yi ƙarya ba. Alhaji Mustafa yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma na ga hawaye a idonsa. Da muka dawo aka zauna a ƙofar gida, aka ce kowa ya yi addu'a. Da ta zo kansa ya ɗaga hannu, da zuciya ɗaya, ya ce, "Allah ya jiƙan Malam Maharazu. Mu dai mun yafe masa. Allah ya yafe masa abin da ya gani." Jama'a suka ce amin. Sa'adiyya tana bayan ƙyauren zaure ta kawo ruwa, a kunnenta aka yi.

Da zagi ya yi, da na san abin da zan yi da shi. Amma yafiya ce. Yaya ake faɗa da mutumin da ya yafe maka laifin da ba ka yi ba?

Ranar sadakar uku na karɓi makullin kwaɗon a hannun Hajiya. Bayan an shafa fatiha, da rana tsaka, na miƙe a gaban mai unguwa da liman da Alhaji Mustafa. Na ce ina roƙon alfarma ɗaya saboda marayu. A aika a gaya wa mata za a hau, mu hau mu huɗu, su tsaya inda Malam yake tsayawa, su duba da idonsu ko ana ganin tsakar gidan wani. Na ce ba zai ɗauke su tsawon shan shayi ba. Na yi magana yadda ban taɓa yi wa wani kaya ba a rayuwata.

Mai unguwa ya ce gwiwarsa ba ta hawa matakala. Liman ya ce wanda ya mutu ya riga ya tarar da abin da ya aikata, tone-tone ba shi da amfani, a bar shi da Ubangijinsa. Na juya ga Alhaji Mustafa. Ya gyara zama. Sannan ya ce, "Malam Babagana, ka yi haƙuri. Ni tun da nake ban taɓa hawa saman gidajen mutane ba. Ba zan fara yau ba."

A nan na gane an gama. Shaidar tana sama, kuma duk mutumin da unguwa za ta yarda da shaidarsa, mutuncinsa shi ne ba ya hawa. Wanda ya hau kuma ya zama irinka, maganarsa ta faɗi.

Na hau ni kaɗai. Hajiya ta aika an faɗa, na buɗe kwaɗon. Ga bututun a lulluɓe, ga kujerarka ta roba, ga butar alwala ta bushe. Na tsaya inda kake tsayawa. Na fi ka tsawo, na yi ɗage, na yi tsalle ma, da girmana. Bulo ne gabas, bulo yamma, bulo kudu da arewa. Ba rufin kowa, ba shanyar kowa, ko kan bishiyar darbejiyar lungu ba a gani. Sama ce kawai, murabba'i guda, fara fat da rana. Na zauna a kujerarka na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Da na sauko na faɗa musu abin da na gani. Suka ce Allah sarki, ai abota ta yi. Ina sa takalmi zan tafi, na ji wani matashi a bakin shagon caji yana ce wa ɗan'uwansa, ba da ƙarfi ba, "Ka ga wanda ya gaje shi."

To, haka ake ciki, Malam. Hoton bai cika ba, kuma ba mai cika shi. Ɗanka Nazeer yana Fatakwal da aikinsa, ya ce shi bai san kan abin ba. Hajiya ta ce in rabu da ita da bututun nan kafin ta fita takaba, ba ta son ta ƙara ganin sa, kuma ban ga laifinta ba. Na san kasuwar garin nan ciki da waje, babu mai sayensa a haɗe. Injin zai tafi wurin masu gyara, ƙafafun wurin mai ɗaukar bidiyon biki, bututun wurin 'yan gwangwan. Sunan ne kaɗai ba wanda zai raba, yana nan a ƙofar gidanka, jikokinka za su riƙa tsallake shi in za su makaranta. Na rubuta wannan ne ina sane da cewa waɗanda za su karanta ba su san ka ba, waɗanda suka san ka kuma sun riga sun yafe maka.

Ya Allah, kai ne ka ga abin da bawanka Maharazu ya kalla, kai kaɗai ne shaidar da ba ta bukatar matakala. Ka gafarta masa kurakuransa na gaskiya, waɗanda kai ka sani mu ba mu sani ba. Ka karɓi alkawarin da ya riƙe ba mai gani, ka sa shi a ma'auninsa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka yafe wa mutanen Koki, domin iyalinsu suke karewa, kuma ba su san abin da suka ɗauke masa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Nana Hauwa, wadda ta yi shekaru tana bin gidaje da magariba tana neman wa mijinta izini, ba ta taɓa ce masa ta gaji ba. Da Nazeer, da Sa'adiyya, da 'ya'yansu, da sauran dangi na Koki da na Ɗan Agundi. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya ba ku haƙurin zama da maƙwabta. Sa'adiyya, in yarinyar nan ta sake tambaya, ki ce mata kakanta sama yake kallo. Ba lallai ƙawayenta su yarda ba, amma ita ta sani.

Allah ya jiƙan Malam da rahama. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Babagana Dillali,
Kano.